Katifa Mai Jan Salatif

Tsohon ya ɗora tafin hannunsa a tsakiyar katifar ya danna. Wurin ya lotsa, ya ɗauke hannun, lotsawar ta yi zamanta.

"Ku duba," ya ce. "Don Allah ku duba da idonku. Wannan ce katifar asibiti?"

A bakin shagon katifar take jingine, inda mai tasi ya sauke ta ya yi gaba. Maman Biyu tana bayan kanta tana goge gilashin da babu ko ɗigon ƙura a kansa. Ita ta sayar masa da katifar, kuma ta tuna shi sarai. Ya zo ne da takardar likita a ninke cikin aljihun riga, ya ce an yi wa matarsa aiki a ƙashin baya, an ce a nemo mata katifa mai tauri ko nawa take. Ta miƙa masa guntun samfurin da ke ajiye a kan kanta, wanda aka yanka don mai saye ya ga ciki, soso guda ne tun daga sama har ƙasa. Ta sa ya matsa shi da hannunsa. Da ta ga yana jan ƙafa, sai ta rantse masa.

Yaya ya fito daga ofishinsa na bayan shago yana kaɗa makullai a yatsa. Shi ne mai shagon, kuma yayan mijinta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Baba, sannu da zuwa. Tambaya ɗaya zan yi maka. An cire mata leda ko ba a cire ba?"

"To a kan leda marar lafiya za ta kwanta?"

"Shi ke nan, magana ta ƙare. Kayan da aka cire wa leda ba ya dawowa. Ga shi can a rubuce a bango, ba ni na ce ba."

Shi ɗin kuwa ya ce. Shi ya kira mai fenti ya rubuta, har ya sa aka ja jan layi a ƙarƙashi.

Tsohon bai kalli bangon ba. Ya juyo wajen Maman Biyu.

"'Yata, ke kika ce mini wallahi."

"Baba, wataƙila gadon ne," ta ce. "Wani gadon katakonsa yana da tazara, ko wace irin katifa aka ɗora sai ta lotsa."

Maganar ta fito da kanta, sumul, don ba yau ta fara faɗinta ba. Tsohon ya daɗe yana kallonta. Bai zage ta ba, kuma da ya zaga da ta fi jin sauƙi. Kunya ta kama ta tun daga wuya har tafin ƙafa, ta koma kan gilashinta.

Yaya ya leƙa waje ya ƙwala kira. "Direba! Zo ka ɗora wa Baba kayansa a mota ka kai shi har ƙofar gida. Kada ka karɓi ko sisi. Mu ba ma cin mutuncin dattijo a shagon nan."

Mijinta ya taso daga inuwar motar ɗaukar kaya. Kowa Direba yake ce masa, har yayan nasa. Mutum ne dogo marar magana, irin wanda za ka zauna da shi wuni guda ka tashi ba ka san ra'ayinsa a kan komai ba. Ya ɗauki katifar a ka, ya ɗaure ta a bayan mota, ya buɗe wa tsohon ƙofa. Bayan tafiyarsu da kaɗan Yaya ma ya shiga motarsa, wai zai je ya ga wani kaya da ya sauka.

Shagon ya rage daga ita sai fanka.

Ba wai ba ta san abin da ke cikin ledojin nan ba ne. A saman bene akwai sito, kuma a siton akwai jeri biyu. Leda iri ɗaya, tambari iri ɗaya, da hoton ƙashin baya da wani likita mai murmushi wanda babu wanda ya san daga inda aka samo shi. Babban jerin, wanda ya kusa taɓa rufi, daga wani ɗan wuri ake kawo shi a bayan gari. Ƙaramin jerin kuwa na gaske ne, 'yan ƙalilan, kowace da ɗan guntun jan salatif a kusurwar leda, wanda sai ka san da shi za ka gan shi. Waɗannan Yaya ya ajiye su ne don masu ido: likita, ko matar wani babba, ko ma'aikatan hukumar kare masu saye da kan shigo a matsayin masu ciniki.

Gane masu idon kuwa aikin Maman Biyu ne, kuma ta iya. Da shi Yaya yake yabonta a gaban dangi. "Matar ƙanina ai tun daga tsallaken titi take jin warin ma'aikacin gwamnati," yakan ce, a yi dariya, ita ma ta yi. Albashinta daga aljihunsa yake fita, na mijinta ma haka. Ɗakuna biyun da suke ciki nasa ne, a bayan gidansa, ba sa biyan haya. Makarantar 'yan biyu shi ya tsaya aka ɗauke su. In Yaya ya yi tari a gidansa, su ne suke kwana da zazzaɓi. Da wannan take rufe bakin zuciyarta kullum, kuma yawanci yana rufuwa.

Direba ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo, bai shigo ya sha ruwa kamar yadda ya saba ba. Ta ce masa sannu, ya ɗaga hannu, ya haye sito. Ta ɗauka zafin rana ne.

Rana ta ɗan karkata sa'ad da suka shigo, mace da namiji. Matar ta manyanta, tana da gilashi a ido da babbar jaka a hammata. Namijin ya fi ta ƙuruciya, ya sa riga mai guga. Tun kafin su gama sallama Maman Biyu ta ajiye tsumman hannunta.

"Muna neman katifa ne, ni da maigidana," in ji matar. "Yana fama da ciwon baya."

Maigidan ya tuna, ya kai hannu ya dafa ƙugu.

Kai, mutanen nan! Wa ya koya musu? Miji da mata in sun zo sayen katifa, kafin su kai tsakiyar shago sun fara musu. Ita tana son mai faɗi, shi yana tuna mata ƙofar ɗakin ƙarama ce. Ita ta zauna a kai ta yi tsalle kaɗan, shi ya juya tambari yana neman farashi yana ɓata rai. Waɗannan kuwa sun tsaya kafaɗa da kafaɗa cikin ladabi, kowa na jiran ɗan'uwansa ya gama magana. Mai ciwon bayan da biro ya faɗi daga kanta, ya sunkuya ya ɗauko shi cak, babu ko nishi.

"Wannan mai hoton likita," matar ta ce, "mene ne a cikinta?"

"Soso guda ne, Hajiya, mai tauri. Ga samfurin."

"Soso guda tun daga sama har ƙasa?"

"Haka ne."

"Sake faɗa, ban ji sosai ba." Ta gyara jakar ta matso da bakinta kusa da kanta.

Maman Biyu ta sake faɗa, a hankali, don jakar ta ji da kyau. Sai ta yi musu gwajin da bai taɓa ba ta kunya ba. Ta faɗi farashi, ta ɗora a kai har ta wuce inda ita kanta take jin nauyin faɗa. Mai saye na gaske a nan yake dafe ƙirji, ya ce haba, ya taya rabi, ka ce albarka, ya kama hanyar ƙofa, ka kira shi ya dawo.

"To," in ji maigidan, ya fara laluben aljihu.

Shi ke nan. Wanda zai kashe kuɗin guminsa ba ya cewa to a faɗar farko. Ma'aikatan hukuma sukan canza tufafi, su canza takalmi, har aure sukan ƙulla a bakin titi, amma ba su taɓa koyon tayi ba, don kuɗin ofis ne a aljihunsu.

Yanzu saura kira. Tsarin da Yaya ya kafa mai sauƙi ne, su uku kaɗai suka san shi. In ta tsaya a gindin bene ta ce "Direba, a kawo ɗaya," daga babban jeri zai ɗauko. In ta ce "Baban Biyu," mai jan salatif ake so.

Ta je gindin benen ta dafa ƙarfe. Fuskar tsohon nan ta zo mata, da yadda ya ce 'yata. Kalma ɗaya ce, "Direba." Ta faɗe ta, a yanka katifar, kowa ya huta da ƙarya. Ta buɗe baki, sai ta tuna an kusa komawa makaranta, ta tuna ɗakunan nan biyu da tukwanenta a jere, ta tuna ba su da inda za su kai ko tabarma in Yaya ya nuna musu ƙofa. Tsoro ya fi ƙarfin kunya, kuma ta san haka tun kafin ta zo gindin benen.

"Baban Biyu!" ta kira, da ƙarfi. "A kawo ɗaya mai hoton likita."

Ta koma bayan kanta hankalinta kwance. Matar ta ce a rubuta musu rasit, a sa duk abin da aka faɗa. Maman Biyu ta rubuta da kyakkyawan rubutu, katifar asibiti, soso guda, ta sa hannu ta buga hatimin shago. Direba ya sauko da katifar a ka, ya shimfiɗa ta a tsakiyar shago, ya ja da baya ya tsaya jikin bango.

Matar ta karɓi rasit, ta buɗe jaka ta fito da katin shaida.

"Mu ma'aikatan hukumar kare masu saye ne. Mun sami ƙorafi a kan katifun shagon nan. Wannan yanzu tamu ce, mun saya, za mu buɗe ta a gabanki."

"Subhanallahi! Ƙorafi kuma?" Maman Biyu ta dafe ƙirji kamar yadda ake yi. "Bismillah, Hajiya, ku buɗe. Mu ba mu da abin ɓoyewa. In kuna son almakashi ma akwai."

Namijin ya leƙa waje ya yi alama. Wasu ma'aikata biyu da ɗan sanda suka fito daga wata mota da ke tsallaken titi, ɗayansu riƙe da kamara. Ciwon baya ya warke, aure ya mutu, maigida ya koma cewa "ranki ya daɗe." Ya durƙusa ya zaro wuƙa mai kaifi.

A lokacin ne idonta ya kai kusurwar ledar. Ta duba ta dama, ta duba ta hagu. Ta zagayo daga bayan kanta kamar mai son ba su wuri, ta duba sauran biyun. Babu salatif.



Wuƙar ta ratsa leda, ta ratsa yadi, ta ratsa soso mai kyau wanda kaurinsa bai wuce yatsa biyu ba. Daga nan ta fara cijewa. Mutumin ya sa hannu biyu ya buɗe cikin. Guntayen soso ne kala-kala da aka cakuɗa da gam, da yankakken kwali, da tsummokaran tela, har da rabin silifa. Warin gam ya cika shagon. Mai kamara ya matso ya ɗauka ta kowane ɓangare.

Ta ɗaga kai ta kalli mijinta. Kuskure ne? Mutumin da yake ɗauko mai salatif ko a cikin duhu? Yana tsaye hannuwansa a baya, yana kallon fanka. Da ya ji idonta a kansa ya sauko da nasa, ya dube ta, bai kau da kai ba. Nan ta gane ya ji kiran sarai.

"Ke kika rubuta wannan?" jami'ar ta tambaya tana nuna rasit.

"Ni ce."

"Ina mai shagon?"

"Ya fita."

"Kira shi."

Kafin Yaya ya iso sun hau sito. Suka ciro daga sama, suka ciro daga tsakiya, suka ciro daga ƙasa, duk wadda aka yanka abu ɗaya ne. Sai da suka zo ƙaramin jerin wuƙa ta sami soso na gaske. Jami'ar ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta tsuguna tana jujjuya ledojin har ta kai yatsa kan jan salatif, ta ce wa mai kamara ya ɗauki wannan ma. Maƙwabta sun cika bakin shago. Mai sayar da labule, wanda ko gaisuwa ba ya yi da Yaya, ya zo har da kujerarsa.

Yaya ya shigo da waya a kunne da murmushi a fuska. Ya gaishe da kowa, ya tambayi ɗan sanda iyali, ya ce a kawo wa baƙi lemo. Da ya ga cikin katifun a zube a ƙasa, sai ya riƙe kai.

"Inna lillahi! Ranki ya daɗe, an cuce ni. Wallahi masu kawo mini kaya sun cuce ni. Ni a leda nake karɓa, a leda nake sayarwa. Ina zan san abin da ke ciki?"

"Wannan jan salatif ɗin fa?"

"Wane? Af, wannan? Ai yara ne masu sauke kaya, wasa suke yi da shi."

"Wasan nasu a kan masu kyau kaɗai yake faɗawa."

"Ikon Allah," in ji Yaya.

Ya matso kusa da ita ya rage murya, ya ce ko za su ɗan shiga ofis su yi magana irin ta manya. Ta ce ofishinta yana nan inda yake, gobe da safe, kuma a can za a yi maganar. Sannan ta yi bayani yadda kowa zai ji, kamar mai karanta sanarwa. Sayar da kaya da sunan abin da ba shi ba ne laifi ne. Za a kwashe katifun, za a rufe shagon har a gama bincike. In an tabbatar masu kawo kaya ne suka yi ha'inci shi bai sani ba, su za a bi, shi ya buɗe shagonsa. In kuwa an tabbatar da saninsa ake yi, to zai mayar wa duk wanda ya saya haƙƙinsa, da leda ko babu leda, ban da abin da kotu za ta yanke.

Ta juyo wajen Maman Biyu. "Ke ma gobe ki zo. Ke kike sayarwa, ke za ki gaya mana yadda ake zaɓar wadda za a ba mutum."

"Ita ba ta san komai ba," Yaya ya yi caraf. "Matar ƙanina ce, taimako kawai take yi."

"To sai ta zo ta ce ba ta sani ba."

Aka ja ƙofar ƙarfe, aka zura sarƙa, aka datse kwaɗo, aka manna takardar hukuma a kai. Motarsu ta tashi da katifu a ɗaure har sama. Jama'a suka watse a hankali, mai labule ya ɗauki kujerarsa yana cewa Allah ya kyauta da fuskar da ba ta nuna yana son a kyauta ɗin ba.

Yaya ya jira sai da titi ya yi sauƙi. Ya kira su gefen motarsa, su biyu. Murmushin ya tafi.

"Abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Na tambayi maƙwabcinmu mai shagon waya, yana leƙe tun shigarsu, ya ce ko tayi mutanen nan ba su yi ba. Makaho ma zai gane su. To a cikinku wa ya kashe ni?" Ya dubi Maman Biyu. "Da wane suna kika kira shi?"

Ta ji mijinta ya ja numfashi a gefenta. Ta san wannan numfashin, na mutumin da ya shekara bai yi magana ba kuma yanzu zai yi. In ya faɗa, ba aiki kaɗai zai tafi ba. Ɗakunan za su tafi, makaranta za ta tafi, kuma 'yan'uwa biyu ba za su ƙara zama a tabarma ɗaya ba har a kai ɗayansu kabari. Kuskuren matar ƙani abu ne da ake zagi a wuce. Cin amanar ƙani kuwa ba a wuce shi.

"Yaya," Direba ya fara.

"Da Direba na kira shi," ta katse mijinta. "Ban gane su ba, Yaya. Kaina ke ciwo tun safe. Na ɗauka miji da mata ne."

Ta taka ƙafar mijinta da dugaduganta, ta danna.

Yaya ya dube ta sama da ƙasa. "Ke? Ke ba ki gane su ba?"

"Ban gane su ba."

"Shekara da shekaru ina ciyar da ke don ido ɗaya tak, ranar da nake bukatarsa kika rufe shi." Ya buga tafin hannu a kan motar. "Ko an buɗe shagon nan, kada in ƙara ganin ƙafarki a ciki. Ki zauna a gida ki yi wanke-wanke, shi kika iya. Darajar ƙanina da yaran nan kika ci, da yau kin kwana a titi." Ya juya ga Direba. "Kai kuma kana tsaye kamar turke. Gobe da sassafe ka fito da mota, akwai kayan da za mu kwashe daga wancan wurin kafin su kai can. Ke kuma in kin je, ba ki san komai ba. A leda muke karɓa, a leda muke sayarwa. Maimaita."

"A leda muke karɓa, a leda muke sayarwa."

Ya shiga mota ya ja ƙofa da ƙarfi. Bai ce su shigo ba, ko da yake gida ɗaya za su.

Suka kama hanyar tasha a ƙasa. Ta yi gaba, yana biye. Ranta in ya yi dubu ya ɓaci, har ba ta san wanda ta fi jin haushi ba, shi ko Yaya ko kanta. Sai da suka wuce layin masu gyaran waya ta tsaya ta juyo.

"Kurma ka zama? Ban ce Baban Biyu ba?"

"Kin ce."

"To me ya hau kanka? Ka tuna da yaran nan kuwa? Kai da ko ƙuda ba ka iya korewa daga abincinka sai Yaya ya ba ka izini?"

Wata bas ta wuce tana hon.

"Na shiga da katifar har ɗaki," ya ce. "Matar tana ƙasa. Sun cire ƙyauren banɗaki sun shimfiɗa mata bargo a kai, a nan take kwana, don ta ce katifar tana karya ta. Ba ta iya juyawa sai an juya ta. Da ta gan ni da katifa a ka, ta ɗauka sabuwa aka canza musu." "Ta yi ta sa mini albarka. Ta ce Allah ya raya mini zuriya. Tsohon yana tsaye, ya kasa gaya mata. Ni ma na kasa. Na ce amin."

Faɗan da Maman Biyu ta tanada ya bi ruwa.

"Da kika kira," ya ce, "na kai hannu kan mai salatif ɗin. Hannun ya ƙi."

"Da sai ka gaya mini tun da ka dawo."

"Da na gaya miki, me za ki yi?"

Ta san amsar, shi ma ya sani, don haka ba ta ba shi ba. Suka ci gaba da tafiya, yanzu kafaɗa da kafaɗa. A tasha mutane sun yi layi, suka bi baya.

"Bai kamata ki ɗauka ba," ya ce. "Ni na yi. Gobe zan same shi in gaya masa."

"Ka kuskura. Na riga na biya, kada ka sa a biya sau biyu. Kai dai ka riƙe bakinka, ai ka iya."

"Ya kore ki."

"Na ji da kunnena."

Bas ta zo, ta cika kafin layi ya kai kansu. Suka tsaya jiran wata. Direba yana ta murza makullin motar ɗaukar kayan Yaya a hannu.

"Gobe fa?" ya ce. "In matar nan ta tambaye ki salatif ɗin, da jerin nan biyu, da inda ake haɗa su. Haka za ki ce mata, ba ki san komai ba?"

Maman Biyu ta gyara mayafinta, ta leƙa titi ta ga wata bas ɗin tana tahowa.

"Yaya na yi wa ƙarya, don yayanka ne," ta ce. "Ita ba yayarka ba ce."